Wutar nan da ke hita bayan jirgin yaƙi, inji ne ke ci ko da gangan ake kunna ta?

Ɗan Talladje: Slm ƴan uwa ina wuninku. Don Allah masu sani ina da tambaya. Akwai bidiyon da ke ta yawo na jirgin yaƙi shina tashi da dare, wuta na hita ta bayanshi doguwa, shuɗi-shuɗi da ja, har da wasu zobba a jere cikinta. Mu nan Talladje mun san ƙarar irin jiragen nan sarai tunda hilin Diori Hamani ga shi nan kusa da mu, amma jirgin alhazai da ya hi su girma nesa ba kusa ba ban taɓa ganin ya hidda wuta haka ba. To mi ne ne wannan, lalacewa ce ko haka anka yi shi?

Ba'adare: roket ne sunka ɗaura mishi a gindi hhh

Mai Garaji: Ba wani roket. Abu ne mai sauƙi, injin na shan mai hiye da ƙima, wanda bai ƙone a ciki ba shi ne ke biyo hayaƙi ya kama wuta a waje. Duk wanda ya taɓa riƙe kile ya san wannan.

Tsohon Makanike: Wa alaikumus salam. Mai Garaji ka kusa amma ka juya abin kai ƙasa. Ba ragowar mai ba ne ke hita, ragowar ISKA ce. Man da gangan ake sake zuba shi a baya, matuƙin ne ke tura hannun totur ya wuce wani ɗan mataki, sai famfo na biyu ya buɗe. Masu faransanci na ce mata poskombistiyon, matuƙa na taƙaitawa su ce PC, ni dai bari in ce wutar baya don mu tahi tare.

Mai Garaji: Baba da girmanka, ragowar iska kamar yaya? iskar da ta riga ta bi ta cikin wuta mi ya rage cikinta

Tsohon Makanike: To tsaya in bi da kai daga gaba zuwa baya. Injin jet bututu ne. A baki akwai kwampiresa, fukafukai ne jere-jere bisa sanda guda suna juyawa suna matse iskar da ta shigo. Iskar nan matsattsa ta shiga ɗakin ƙonewa a fesa mata kerozen ta kama. Daga nan gas mai zahi ya bugi turbin, ita ma fukafukai ce, kuma ita ce ke juya sandar nan da ke juya kwampiresan gaba. Abin da ya rage na ƙarhi ya hita ta bututun baya da gudu, shi ke tura jirgi.

Matsalar duka tana wurin turbin. Ƙarfe ne, shina juyawa dubban zagaye a minti cikin gas mai zahi, kuma ko wane ƙarfe akwai inda zai ce ya gaji. An yi dabaru iri-iri, ana yin fukafukan da gaurayen nikel, ana huda musu ƙananan ramuka iska mai ɗan sanyi na bi ta ciki tana lulluɓe su, amma duk da haka akwai iyaka. Don haka ba a yarda a ƙona duk iskar da ta shigo ba. Kilo ɗaya na kerozen wajen kilo 15 na iska yake buƙata ya ƙone tas, amma injin na haɗiye ninkin haka sau uku ko huɗu, sauran aikinta ta sirka zahin don kada turbin ta narke. Kenan abin da ke hita bayan turbin har yanzu akwai oksijin mai yawa cikinshi da wuta ba ta taɓa ba. Kuma bayan turbin babu sauran wani abu mai juyawa da za a ji tsoron narkewarshi, bututu ne kawai. Sai masu ƙira sunka ce to mi zai hana mu sake zuba mai a nan.

Ɗan Talladje: Ikon Allah. Kenan wuta biyu ce cikin inji guda

Tsohon Makanike: Haka ne ɗana. Ta farko kullum tana ci, ta biyu sai an bukace ta.

Malama Fizik Tawa: Sannunku. Baba ya gama magana, ni lissahi kaɗai zan ƙara don ɗalibaina na cikin gurup ɗin nan kuma na san suna laɓe suna karantawa. Gas ɗin da ya baro turbin a ce shina wajen digiri 700, wutar baya ta kai shi wajen 1,700. In za ka yi lissahin daidai sai ka ƙara 273 bisa kowane, ya zama kusan 1,000 da kusan 2,000, wato zahin ya ninka biyu. To gudun da gas ke hita da shi ba ya ninka biyu, shina bin rasin kare na zahin ne, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka shi, rasin kare na 2 kuwa 1.41. Shi ya sa in jirgi na tsaye bisa pist, wato titin tashin jirgi, ƙarin da ake samu ke yawo wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, ba ninki ba.

Ba'adare: Malama mun bar lakwal tun tuni don rasin kare ɗin nan, ga shi ya biyo mu har Facebook

Malama Fizik Tawa: Zai bi ka har kasuwa ma ƙanena

Ɗalibin Inji: Alƙaluman gaske sun yi daidai da na Malama. Mirage 2000, irin waɗanda sojan Faransa sunka ajiye nan Yamai kahin su tahi ƙarshen 2023, injinshi guda ne sunanshi M53. Ba wutar baya shina bada kilonewton 64, da ita 95, wato daga turin wajen tan 6 da rabi zuwa kusan tan 10. Rafale inji biyu gare shi M88, kowane 50 ne ya koma 75, rabi cur aka ƙara.

Mai Garaji: To naji. Amma ni abin da ban yarda ba, iskar da ke hita da wannan gudun ta yaya wuta za ta tsaya cikinta? Ai hure ta za ta yi nan take. Ko dai akwai buji da ke ta tartsatsi ba tsayawa

Tsohon Makanike: Yawwa, wannan tambayar mai sana'a ce. Gaskiyarka, da bututun a sake yake wutar ba ta minti za ta bi iska. In ka leƙa bayan injin a kashe da tocila za ka ga abu biyu. Na farko siraran bututai zagaye ko a tsaitsaye masu ƙananan huji, su ke fesa man. Bayansu kaɗan akwai wasu zobban ƙarfe da aka lanƙwasa kamar harafin V, tsinin na kallon gaba inda iska ke zuwa, buɗaɗɗen bakin na kallon baya. Iska in ta bugi tsinin sai ta rabu biyu, a cikin lungun V ɗin kuwa sai ta yi ta juyawa wuri guda a hankali. Kamar dai yadda kake kare ashana da tahin hannu lokacin hunturu, harshen wutar na zaune a lungun hannunka iska na wucewa gefe. Wutar da ke zaune a lungun nan ita ke ta kunna sabon man da ke wucewa. Buji ko ɗan abin kunnawa na farko kaɗai ake bukata, wasu injinan ma ɗan ƙarin mai ake watsawa tun ɗakin ƙonewa harshen wuta ya ratsa turbin ya zo ya kunna ta baya.

Kuma bangon bututun biyu ne, akwai riga ta ciki mai huji-huji, iska marar zahi sosai na bi tsakaninsu, in ba haka ba gindin jirgin kanshi zai ci. Hujin nan na da wani aiki kuma, shina shanye wata kuwwa da wutar ke yi, don in ta kama kaɗawa tana iya tsaga ƙarfe cikin ɗan lokaci.

Mai Garaji: Wannan V ɗin ya burge ni wlh. Abu ba waya ba komi

Tsohon Makanike: Saura guda da mutane ba su lura da shi. Bakin bututun baya ba a kafe yake ba, ɓangarori ne jere kamar ganye suna buɗewa suna tsukewa. Gas in ya ƙara zahi kumbura yake, shina son hanya mai faɗi. In ka kunna wutar baya baki bai buɗe ba, matsin zai koma baya ya danne turbin, kwampiresa ya shaƙe, ka ji inji ya yi tari bam bam har wuta ta iya hitowa ta gaba. Don haka da kunnawa da buɗe baki tare suke tahiya, a jiragen yanzu kwamfutar inji ke haɗa su. Mu da can wurin nan ne ke cin lokacinmu wajen dubawa, don ɓangarorin na shan zahi suna shan girgiza, ga ƙurar ƙasar nan da ba ta barin komi.

Hajiya Yantala: Ni ban gane rabin abin da kuke faɗi ba amma tambayata guda, in abin na ƙara ƙarhi haka don mi ba a sa ma jirgin Makka ba mu isa da wuri, ƙafafuna kumbura suke cikin jirgi

Ba'adare: Hajiya kuɗin kujera zai kai ki sai da gida hhh

Ɗalibin Inji: Hajiya wasa yake amma gaskiya ya faɗa. Mai ne matsalar. M53 ɗin nan da na ambata, in an buɗe shi duka ba wutar baya shina shan kusan kilo 100 a minti. A kunna ta ya haura kilo 300 a minti. Kin ga an ƙara ƙarhi rabi, mai kuwa ya ninka hiye da uku. Tankin cikin Mirage 2000 wajen tan 3 yake ɗauka, kenan in matuƙi ya manta hannunshi a wurin kusa da ƙasa, minti 10 ya shanye shi. Shi ya sa kuke ganinsu da manyan tankuna rataye ƙarƙashin fukafukai, kuma ana ba su mai a sama.

Jirgin fasinja kuma wata hanya ya bi gaba ɗaya. Ƙatuwar fankar nan da kike gani a bakin injinshi ita ke yin mahi yawan aikin, tana tura iska mai yawa ƙwarai a gudu matsakaici, mahi yawanta ma ba ta shiga wuta, gefe take bi. Wannan shi ne mai arha kuma ƙararshi kaɗan. Jirgin yaƙi iska kaɗan yake turawa da gudu mai tsanani.

Mai Garaji: To ni a nan ne nake ganin wauta. Ka ƙona mai ninki uku ka samu rabi? Wanda ya ƙera wannan da yarona ne da na kore shi. Mi ya sa ba su sa babban inji ba tun farko su huta

Malama Fizik Tawa: Dalilin da ya sa take ɓarnar mai shi ne inda ake ƙona shi. A ɗakin ƙonewa na gaske iska a matse take ninki ashirin ko talatin a injinan zamani, zahin da ka zuba ma matsattsar iska shina bada aiki mai yawa. Bayan turbin matsin ya riga ya zube saura kaɗan, sai kaso babba na zahin ya tahi sararin Allah a banza. Wannan ba gyara gare shi ba, dokar abin ce.

Tsohon Makanike: Amma ba wauta ba ce Mai Garaji. Yi tunani, babban inji nauyi ne da za ka ɗauka tun tashi har sauka, ga faɗi, jirgin ya yi ƙiba iska ta riƙe shi, kuma a tahiyar yau da kullum da ba ka bukatar ƙarhin nan duka kana ta jan kaya. Matuƙin yaƙi cikin tahiyar awa biyu wataƙila minti kaɗan ne yake son wannan ƙarhin, wajen tashi da kaya masu nauyi, wajen hawa sama da sauri, wajen kora ko tserewa. Wutar baya kuwa mi ce ce, bututu da zobba da famfo, nauyinta kaɗan ne in ka gwada da abin da take badawa. Ka biya da mai na ɗan lokaci ya hi ka biya da nauyi kullum. Kuma ka tuna zahin Yamai watan Afrilu, digiri 44 ko 45 da rana, iska ta yi sako-sako inji ba ya samun abin haɗiya kamar a ƙasar sanyi, fukafukai ma haka, ga bama-bamai ga tankuna cike. A irin ranar nan pist ɗin gajarta yake yi ma matuƙi.

Mai Garaji: Hmm. Ni dai har yanzu man na yi mini ciwo

Malama Fizik Tawa: Akwai abin da zai ɗan rage maka ciwon. Ƙarhin da jirgi ke samu ya danganta da bambancin gudun gas da gudun jirgin kanshi. Misali ne kawai zan bada, a ce gas na hita mita 600 a dakika ba wuta, 850 da wuta. Jirgi na tsaye, 600 da 850 ne, ƙarin bai kai rabi ba. Amma jirgi na gudun mita 400 a dakika, sai ka cire, saura 200 da 450, ya hi ninki biyu. Wato iya gudun jirgi iya amfaninta, shi ya sa mahi yawan jiragen yaƙi ba su iya wuce gudun sauti sai da ita.

Ɗan Talladje: Malama kenan ƙarar nan bummm kamar bam da ake cewa jirgi ya fasa sauti, lokacin da anka kunna wutar ne?

Malama Fizik Tawa: A'a abu biyu ne dabam. Rurin da kuke ji wajen tashi na gas ne da ke hita da gudu shina yaga iskar da ke tsaye, wannan wutar baya na ƙara shi sosai. Shi kuwa bum ɗin na jikin jirgin ne in ya wuce gudun sauti, wajen kilomita 1,200 a awa kusa da ƙasa, iska na taruwa a gabanshi ta zama igiyar matsi da yake ja a bayanshi duk inda ya bi. Ba sau ɗaya yake yi ba, kowa na jinshi lokacin da igiyar ta iso kanshi. Jirgin da ke tashi daga pist bai kai ko kusa da wannan gudun ba.

Ba'adare: to namu hwa? Sukhoi ɗinmu ban taɓa ganin wuta bayanshi ba, ko an cire muna ita ne kahin a saida muna

Ɗalibin Inji: Hhh ba a cire komi ba yaya. Su-25 tun asali ba shi da ita, an ƙera shi ne don ya yi ƙasa-ƙasa ya taimaki sojan ƙasa, ba ya wuce gudun sauti, abin da yake bukata sulke da juriya da daɗewa a sama. A-10 na Amurka ma haka, Alpha Jet da Najeriya ke da shi ma haka. Amma F-7 da JF-17 na Najeriya suna da ita. Kuma wutar na da wani aibi a fagen yaƙi, makamai masu bin zahi ita suke nema, da dare kuma ido ma na ganinka daga nesa.

Tsohon Makanike: Hajiya don kada a bar ki ba amsa, an taɓa yin jirgin fasinja mai wutar baya. Concorde na Faransa da Ingila, ya fara ɗaukar mutane Janairu 1976, kuma hanyar farko ta Air France Pari zuwa Riyo ce ta Dakar, nan yammacin Afirka yake tsayawa shan mai. Shi wajen tashi yake kunna ta, sai kuma lokacin da zai ratsa gudun sauti har ya kai wajen ninki 1.7 na gudun sautin, daga nan ya kashe ya ci gaba da ninki 2 ba ita. Kujera wajen ɗari kaɗai, tikiti sai attajirai, 2003 aka ajiye shi. Tun kahin nan ma ya taɓa bi ta samanmu, husuhin rana na 30 ga Yuni 1973 da ya ratsa arewacin Nijar, masana sun hau Concorde na gwaji sunka bi inuwar wata minti 74 suna cikin duhu, sannan sunka sauka Fort-Lamy wadda ita ce Njamena yanzu. Mu a ƙasa mutane na ta salla da addu'a.

Hajiya Yantala: Allah sarki. To mu dai a bar mu da namu mai hankali

Ɗan Talladje: Baba saura zobban nan da ke cikin wutar, ba wanda ya taɓo su

Ɗalibin Inji: Bari in gwada Baba ya gyara. Gas ɗin na hita da gudun da ya hi na sauti, kuma matsinshi bai yi daidai da na iskar waje ba. Sai ya kumbura ya wuce gona da iri, iskar waje ta matse shi ya wuce gona da iri, ya sake kumbura, haka haka har ƙarhin ya ƙare. Duk inda ya matsu zahi na ƙaruwa, ɗan man da bai gama ci ba sai ya ƙone ya yi haske a wurin, shi ne zobban da kake gani a jere tazara kusan ɗaya. Roket ma na yinsu.

Mai Garaji: TSAYA. Ɗan man da bai gama ci ba ka ce? To mi na faɗa tun farko jama'a, ku koma sama ku karanta

Ba'adare: hhhhh Mai Garaji ya samu igiya

Tsohon Makanike: An ba ka zobba, wutar dai ba taka ba ce.

Mai Garaji: Na karɓa ko zobban ne. Amma kun ce minti kaɗan ake kunna ta, ba wanda ya taɓa barinta a kunne?

Ɗalibin Inji: An yi, SR-71 na leƙen asirin Amurka, kahin a ajiye shi. Shi da ita yake tahiya awa da awanni a gudun da ya hi ninki 3 na sauti, don a wannan gudun iskar da ke shigowa ta riga ta matsu ƙwarai tun a baki, sai a zagaye da wani kaso nata a kai ta kai tsaye wurin wutar baya, kenan matsalar ƙarancin matsi da Malama ta faɗa ta ragu. A ɗaya gefen kuma akwai F-22 da ke wuce gudun sauti ya zauna a haka ba tare da ya kunna ta ba. Man SR-71 ma na musamman ne, JP-7, an yi shi don kada ya kama da zahin jikin jirgin, har ya zama buji ba ya iya tada shi. Sai sun watsa wani sinadari da ke kamawa da kanshi da zarar ya taɓa iska, ya yi walƙiya kore, da shi ake tada injin da shi kuma ake kunna wutar baya.

Mai Garaji: Sinadarin nan ana samunshi kasuwar Katako? akwai wata tsohuwar kamyo mai gazuwal da ke wahal da ni kowace sahiya in sanyi ya shigo

Admin: Kada wanda ya ba shi sunan abin nan don Allah, garajinshi jikin gidan ƙanwata yake.